Yadda Ake Zaɓen Kambas na Motsa Jiki a Kasuwar Talata

Kafin ka taɓa aljihu, fara sanin ƙasar da za ka taka. Mai sassarfar asuba a bakin kwaltar Gusau zuwa Sakkwato da ta bi ta Talata Mafara, da mai bin burji a gefen magudanan ruwan Bakolori, da saurayin da ke buga ƙwallo a filin firamare a Bakura ko Maradun, ba takalmi ɗaya ne nasu ba. Kwalta tana dukan gwiwa, sai kambas mai taushin ƙasa. Burji da gefen gona suna son mai kauri da zane mai zurfi, saboda tsakuwa da tsidau, don ƙayar tsidau tana huda siririyar roba kamar ba ka sa komai ba. But mai dogayen haƙora kuwa don ciyawa aka yi shi. A tsandaurin filayenmu haƙoran ba sa nutsewa, sai idon sawu ya gurɗe. Nemi mai ƙananan haƙora barkatai.

Wani zai ce ai Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun fanfalaki a birnin Rum a 1960 ba takalmi. Haka ne. Sai dai titunan Rum ba tsidau, kuma da ya sake ci a Tokyo a 1964 da takalminsa ya yi.

Na biyu, ranar Talata kada ka yi wa kasuwa sammako. Ƙafa tana ɗan kumbura in an wuni a kanta, haka ma in ana gudu. Takalmin da ya yi maka cif da hantsi zai matse ka da yamma. Bari sai bayan la'asar, ka tafi da safar da za ka riƙa sawa.

Na uku, gwaji. Kada lamba ta ruɗe ka, 42 ɗin wannan kamfani ba lallai ta zama 42 ɗin wancan ba. Sa ƙafa biyun duka, don yawanci ɗaya ta ɗara ɗaya. Ɗaure igiya, miƙe tsaye, danna kan takalmin: a samu sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da ƙarshensa. Mu da muka tashi cikin silifas ƙafarmu ta baje, don haka duba faɗi, ba tsawo kaɗai ba. Yi taku goma. In dunduniya tana fita, bororo ke jiranka. In kuwa ya matse, mai kaya zai ce, "Alhaji, ai zai buɗe." Takalmin fata ke buɗewa. Wannan kafin ya buɗe farcenka ya yi baƙi.

Na huɗu shi ne inda ake cin kasuwa ko a ci mutum, musamman a gwanjo. Ni ina ganin gwanjo mai kyau ya fi sabon jabu mai tambarin Nike ko Adidas, amma sai ka iya dubawa, don an wanke shi tas, sama tana sheƙi. Juya shi ka ga ƙasa. Idan dunduniyar ta cinye ta gefe guda, tafiyar mai shi na farko ce ta zauna a ciki, kai ma haka zai karkatar da kai. Ajiye shi a kan benci, ka tsuguna ka hango shi ta baya. In ya jirkice, mayar. Lanƙwasa shi: ya kamata ya lanƙwashe a gindin yatsu, ba a tsakiya ba. Danna soson nan na tsakanin ƙasa da tafin ƙafa. In ya yi tamoji-tamoji ko ya ƙi dawowa, ya mutu, kuma baduku ba ya ta da mataccen soso. Daga nan bi bakin gam da farce, ka zura hannu ciki ka lalubi ɗinki mai kaifi. Mai ciwon suga ya fi kowa bukatar wannan lalube, don ƙafarsa na iya yin gyambo bai ji ba.

Da ka kawo shi gida, kada ka fara da dogon gudu. Yi kwana uku ko huɗu kana tattaki da shi. In ka wanke, shanya a inuwa, ranar Afrilu tana sakin gam. Da damina kakkaɓe shi kafin ka zura ƙafa, saboda kunama.

Takalmin gudu kan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin sosonsa ya gaji. Mai yin kilomita 5 sau huɗu a mako ke nan zai yi wata shida zuwa tara da sabo. Na gwanjo, rage lissafin, wani ya riga ka cin rabonsa.