Darasi: Yadda Ake Tace Bayanan Taswira Da Rubutaccen Umarni

Duk ɗan kasuwar da harkarsa ta ƙetare iyakar gari guda ya san cewa sanin inda abokan ciniki suke rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne iya ware waɗanda ake bukata daga cikin dubbai a lokacin da ake bukatarsu. Wannan darasi zai yi bayani ne a kan yadda ake yin wannan tacewa a cikin tsarin sarrafa bayanan taswira ta kwamfuta, wanda aka fi sani da GIS, da kuma kurakuran da kan jawo asarar kuɗi ba tare da an farga ba.

Shi wannan tsari ya samo asali ne daga ƙasar Kanada a shekarun 1960, inda Roger Tomlinson ya jagoranci aikin tattara bayanan filayen ƙasar a kwamfuta. Kamfanin Esri na Amurka, wanda aka kafa a 1969, shi ne mai manhajar ArcGIS da ake saye. Akwai kuma QGIS, wadda aka fara a 2002, kuma kyauta ake samun ta.

Taswira da jadawalinta

Kowane abu da ke kan irin wannan taswira, ko ɗigo ne mai nuna kanti, ko zane mai nuna hanya, ko fili mai nuna ƙaramar hukuma, yana da layinsa a cikin wani jadawali da ke maƙale da taswirar. A kowane layi akwai gurabe: suna, jiha, irin kaya, yawan bashi da sauransu. Idan aka zaɓi layi a jadawali, abin da yake wakilta zai haskaka a kan taswira. Saboda haka ba sai mutum ya bi ɗigo ɗaya bayan ɗaya da ido ba. Sharaɗi zai rubuta, na'ura ta fitar masa da duk abin da ya cika sharaɗin.

Ana rubuta sharaɗin ne bisa ƙa'idar SQL, wadda kamfanin IBM ya ƙirƙiro a shekarun 1970. Sassansa uku ne: sunan gurbi, alamar gwaji, da abin da ake nema.

Mu ƙaddara wani dillalin kayan gwari yana kai albasa da tumatir daga Arewa zuwa kasuwannin Kudu, kuma ya sa duk abokan cinikinsa a taswira. Idan yana son ganin na jihar Oyo kaɗai, sai ya rubuta:

JIHA = 'Oyo'

Idan kuwa masu bashi mai nauyi yake nema, sai ya rubuta:

BASHI > 500000

A lura cewa kalma tana shiga tsakanin alamun zance, lamba kuwa a sake ake rubuta ta, babu waƙafi kuma babu alamar naira.

Haɗa sharuɗɗa

Kalmar AND tana nufin dole duka sharuɗɗan biyu su cika, OR kuwa tana nufin ɗaya ya wadatar. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin na'ura tana fara warware AND kafin OR. Dubi wannan:

JIHA = 'Oyo' AND KAYA = 'albasa' OR KAYA = 'tumatir'

Mai rubutun yana zaton ya nemi masu albasa da masu tumatir na Oyo. Alhali abin da zai samu shi ne masu albasa na Oyo, tare da masu tumatir na ko'ina, har da na kasuwar Mile 12 da ke Legas. Maganin abin shi ne baka biyu:

JIHA = 'Oyo' AND (KAYA = 'albasa' OR KAYA = 'tumatir')

Wanda ya yi lodin mota bisa amsar farko ya loda tumatirin da babu masu sayensa a inda motar ta nufa, kuma kowa ya san tumatir ba ya jira.

Amfanin rubutaccen umarni

Ana iya buga sharaɗi da hannu a duk lokacin da aka so. Amma aikin da ake maimaitawa kowane mako ya fi dacewa a rubuta shi sau ɗaya a harshen Python, wanda manyan manhajojin biyu suke amfani da shi. A ArcGIS, tun daga 2010 akwai kunshin umarni mai suna ArcPy, kuma umarnin da ke wannan aiki shi ne SelectLayerByAttribute. Ana ba shi abu uku: sunan taswirar, irin zaɓin, da sharaɗin. Irin zaɓin yana da muhimmanci. NEW_SELECTION yana watsar da zaɓin baya ya yi sabo, ADD_TO_SELECTION yana ƙarawa a kai, REMOVE_FROM_SELECTION yana ragewa, SUBSET_SELECTION kuwa yana tacewa ne daga cikin abin da aka riga aka zaɓa. A QGIS, takwaransa shi ne selectByExpression:

kantuna.selectByExpression("JIHA = 'Oyo' AND BASHI > 500000")

Da ɗan ƙarin layi biyu ko uku, umarnin zai iya bin jihohi 36 da Abuja ɗaya bayan ɗaya, yana fitar wa kowane wakili jerin sunayen yankinsa. Bugu da ƙari, rubutaccen sharaɗi shaida ne: akanta ko abokin haɗin gwiwa zai iya karantawa ya ga ainihin abin da aka tambaya.

Tarkunan da ke cikin sunayen ƙasarmu

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kuma wasu sun yi tarayya a suna. Akwai Surulere a Legas, akwai ta a Oyo. Akwai Bassa a Kogi da Filato, Obi a Binuwai da Nasarawa, Ifelodun da Irepodun a Kwara da Osun. Ita kanta Nasarawa, sunan ƙaramar hukuma ce a Kano, kuma sunan wata ce a jihar Nasarawa. Wanda ya nemi Surulere bai ambaci jiha ba, zai haɗa cinikin wurare biyu masu nisa a lissafi ɗaya. Don haka a riƙa haɗa sunan ƙaramar hukuma da na jiha, ko a ba kowace lamba ta kanta.

Tarko na biyu shi ne alhamza. Sunaye irin su Jama'are a Bauchi da Jema'a a Kaduna suna ɗauke da ita, na'ura kuwa tana ɗaukar ta a matsayin ƙarshen kalma, sai umarni ya tsaya. Ƙa'ida ita ce a ninka ta:

K_HUKUMA = 'Jama''are'

Na uku shi ne bambancin rubutu. A yawancin irin waɗannan jadawalai, 'Oyo' da 'OYO' ba abu ɗaya ba ne, haka nan 'Legas' da 'Lagos'. Umarnin UPPER yana magance matsalar manya da ƙananan baƙaƙe, amma daidaita rubutun suna aikin magatakarda ne tun a ranar shigar da bayani.

Na huɗu shi ne gurbin da aka bari babu komai. Abokin cinikin da ba a rubuta bashinsa ba, ba zai fito a cikin masu bashi ba, kuma ba zai fito a cikin marasa bashi ba. Sai an neme shi takamaimai da BASHI IS NULL. Sau da yawa a irin waɗannan gurabe ne kuɗi yake maƙalewa.

Gwaji kafin aiki

Na'ura ba ta yin gargaɗi idan tambaya ta karkace, matuƙar an rubuta ta bisa ƙa'ida. Saboda haka a fara gwada sharaɗi da abin da aka san amsarsa. A taswirar ƙananan hukumomi, jihar Kano dole ta ba da 44, Oyo 33, Legas 20. Idan adadi ya saɓa, akwai gyara a sharaɗin ko a jadawalin.

Haka kuma a sa umarnin ya ƙirga abin da ya zaɓa kafin ya wuce gaba. Dalili kuwa shi ne umarnin gogewa na ArcGIS yana aiki ne a kan abin da aka zaɓa, idan kuwa babu zaɓi a kan taswirar, duka zai share. Mai hankali a kan kwafi yake gwajinsa, ya adana na asali a wuri dabam.

Daga ƙarshe, ga aikin gida: mai karatu ya ɗauki littafin bashinsa, ya rubuta tambayoyi uku da yake yawan yi wa yaran shagonsa, sa'an nan ya mayar da kowace zuwa sharaɗi mai gurbi, alama da abin nema. Tambayar da ta ƙi komawa sharaɗi, ita ce ta nuna masa gurbin da littafinsa ya rasa.