Filin Shawarwari: Sansanin Muhawara a Dogon Hutu

Tambaya

Wata makarantar sakandare a Anacha ta zaɓi ɗalibai huɗu da za su je sansanin horon muhawara na mako biyu a Inugu cikin dogon hutu. A cikinsu akwai 'yar wani ɗan kasuwa mai sayar da albasa da wake, ɗan asalin Sakkwato, mazaunin unguwar Hausawa. Mahaifin ya rubuto wa wannan fili cewa bisa al'ada, da zarar an ba da hutu yakan tura yara gida wajen kakarsu, su yi tilawa, su gyara Hausarsu. Abu uku ke damunsa. Yana tsoron kada yarinya ta koyi musu da tsaurin ido har ta riƙa mayar wa manya magana. Hankalinsa bai kwanta da kwananta a wani gari ba tare da dangi ba. Kuɗin da aka nema kuma ba kaɗan ba ne. Mahaifiyarta tana ganin a bar ta ta je, shi kuwa yana neman shawara.

Amsa

Sansanin muhawara taron horo ne da ake yi wa ɗalibai cikin dogon hutu. Al'adar ta fi ƙarfi a Amurka, inda jami'o'i irin su Michigan da Northwestern suke shirya na makonni da dama. A Nijeriya tushen abin shi ne ƙungiyar adabi da muhawara ta makarantun sakandare, wadda ta daɗe tana kawo batutuwa irin su makarantar kwana ko ta jeka-ka-dawo, likita ko malami.

Ɗaya daga cikin tsare-tsaren da ake koyarwa shi ne na Gasar Muhawara ta Makarantun Duniya, wadda aka fara a Ostareliya a 1988. Kowane ɓangare yana da masu magana uku, kowanne minti takwas, sannan jawabin rufewa na minti huɗu. Mai kula da lokaci yakan buga tebur sau ɗaya idan minti na farko ya cika. Daga nan ɗan ɓangaren hamayya yana iya miƙewa ya nemi izinin tambaya. Idan mai magana ya ce a'a, sai ya koma ya zauna ba gardama. Idan an ba shi dama, ba zai wuce daƙiƙa 15 ba. Alƙalai suna raba maki kashi uku: 40 na hujja, 40 na salon magana, 20 na dabara. Wasu batutuwan awa ɗaya kacal ake ba ɗalibai su shirya su, kuma ba su ne ke zaɓar ɓangaren da za su kare ba.

Wannan tsari ya amsa damuwa ta farko. Mai tsaurin ido katse mutane yake yi, ba ya saurare, ba ya karɓar gyara. Mai muhawara kuwa dole ya saurara minti takwas yana rubuta hujjar abokin karawarsa, domin wanda ya murguɗe maganar wani ko ya yi zagi makinsa ne ke zubewa. Malaman Musulunci ma sun ware fanni sukutum mai suna adabul bahsi wal munazara, wanda Shamsuddin Samarƙandi ya yi fice wajen tsara shi, kuma jigonsa neman gaskiya cikin ladabi. Tun 2008 cibiyar QatarDebate take koyar da muhawara, tana kuma shirya gasar makarantu da Larabci. Duk da haka, yaro sabon koyo yakan so gwada ƙwarewarsa a gida. A nan aikin iyaye ne su nuna masa cewa zauren gasa daban, gaban mahaifi daban.

Amfanin horon ya fi girma ga 'ya'yan Hausawan da suka tashi a Fatakwal, Anacha da Inugu. Yawancinsu suna jin Hausa da Ingilishi da Turancin buroka, wasu har da Igbo. Jama'arsu kullum tana buƙatar mai magana da yawunta a gaban hukumar kasuwa, ofishin 'yan sanda, kotu da gidan rediyo, musamman idan an tashi rushe rumfuna ko rikici ya kunno kai. Tarihi ya nuna abin da iya mu'amala ke jawowa: Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko a 1956, a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC. Ko a jarrabawar WAEC, rubutun jawabin muhawara yana cikin nau'o'in insha'in da ake tambaya a takardar Ingilishi.

Batun kwana shi ne wanda ya fi buƙatar bincike, kuma gani ya kori ji. Ya kamata mahaifi ya karɓi takardar gayyata a rubuce, da adireshin wurin da sunan malamin da ke da alhakin yara. Ya tabbatar masaukin 'yan mata daban yake, kuma malama mace za ta kwana tare da su. Ya nemi a rubuta masa cewa za a bar ta da hijabinta, a ba ta lokacin salla da abincin halal. Yana iya zuwa da kansa, ko ya roƙi Sarkin Hausawa ko limamin unguwa ya haɗa shi da amintacce a Ogbete ko Gariki wanda zai riƙa leƙa ta. Tafiya ta hanyar Awka a yi ta da rana, a kauce wa Litinin idan har ana ci gaba da zaman gida na ranar da aka fara a yankin a Agusta 2021.

Game da kuɗi, a tambayi abin da suka ƙunsa, da yawan ɗaliban da ke hannun kowane mai horarwa, da ko za a yi karawa ta gwaji kullum. Sansanin da lacca kawai ake yi a raba satifiket bai cancanci kuɗin ba. Tunda makaranta ce ta zaɓe ta, ba laifi a nemi ragi.

Idan waɗannan sharuɗɗa sun cika, shawara ita ce a bar ta ta je. Hutun ya kai mako shida, don haka sauran makonnin sun isa zuwa Sakkwato. Idan ba su cika ba, a haƙura da wannan sansani, amma kada a hana ta muhawarar. Malami ɗaya, agogo da aji ɗaya na Islamiyya sun isa a fara horon a unguwa, rana ɗaya da Ingilishi, rana ɗaya da Hausa.