Ciwon Suga a Jos: Acca Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Da zarar likita ya tabbatar wa mutum yana da ciwon suga, shawarar farko da yake ji a Jos ita ce ya bar shinkafa da masara ya koma acca. Sai ya riƙa cika kwano safe da dare, a gwada jini a tarar suga na nan inda yake. Acca hatsi ce, kuma duk hatsi idan ya narke a ciki suga yake komawa. A irin ciwon da ke kama manya, ko dai sinadarin insulin bai wadata ba, ko jiki ba ya amsa masa yadda ya kamata. Don haka yawan abin da aka ci ya fi sunansa muhimmanci.

Fara da faranti. Rabinsa ya zama ganye: kabeji, latas, alayyafo, koren wake, ga su nan jibge a kasuwar Farin Gada. Rubu'i ya zama wake, ƙwai, kifi ko nama marar kitse. Ragowar rubu'in shi ne rabon tuwo ko dankalin Turawa, domin dankali yana ɗaga suga da sauri. Gwaten acca mai yawan ganye ya fi malmalar tuwon acca. Lemon kwalba, kunun zaƙi da shayi mai sukari kuwa a rabu da su. Zuma ma suga ce.

Sai motsa jiki. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, ta wadatar. Ko minti goma bayan cin abinci yana rage tashin suga.

Kada a bar maganin asibiti don an ji sauƙi ko don an samu jiƙe-jiƙe. Metformin da abinci ake shansa. Mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin kada ya tsallake abinci, kuma ya ga likita kafin azumi. In ya ji rawar jiki, zufa da jiri, suga ya faɗi ke nan: ya sha ruwan da aka jiƙa ƙaramin cokali uku na sukari, ya gwada jini bayan minti 15.

Mai na'urar gwaji ya riƙe waɗannan lambobi na mg/dL: 80 zuwa 130 kafin karin kumallo, ƙasa da 180 awa biyu bayan cin abinci. Ƙasa da 70 haɗari ne. A riƙa rubutawa ana kai wa likita.

Sanyin Disamba da Janairu yana da nasa tarkon. Suga yana kashe jijiyoyin ƙafa, sai mutum ya miƙa ƙafa bakin kaskon gawayi ko ya tsoma ta a ruwan zafi, ya ƙone bai ji ba. Sa safa, gwada zafin ruwa da gwiwar hannu, duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare, kada ka taka ƙasa babu takalmi.

Ko ƙaramin gyambo ka gani, kada ka jira: nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Plateau Specialist, ko Jankwano. A riƙa auna hawan jini, ido da ƙoda kuma a duba su sau ɗaya a shekara, ko da ba ka jin komai.