Burga a Wasan Poka: Abin Yi da Abin Bari

Kada ka zuba kuɗinka. Poka da kuɗi caca ce, hukuncin caca kuwa kowa ya san shi. Ina magana ne da mai buga wasan da ƙwayoyin roba don wasa ƙwaƙwalwa, a salon Texas Hold'em, inda kowa ke riƙe da kati biyu, a shimfiɗa biyar a tsakiya.

Ka raba burgar banza da burga mai madogara. A ta farko hannunka fayau yake, idan abokin karawa bai ajiye katinsa ba ka faɗi. Ta biyu ita ce wadda David Sklansky ya warware a littafinsa The Theory of Poker: hannunka bai nuna ba tukuna, amma akwai katunan da in sun fito kai ne a sama. Ko dai ya tsorata ya ajiye, ko katinka ya zo.

Ka ƙirga kafin ka miƙa hannu. Kowace alama tana da kati 13. Idan biyu suna hannunka, biyu suna tebur, saura 9 da za su cika maka biyar masu alama ɗaya. Da saura kati biyu a buɗe, damarka ta kusa kashi 35 cikin 100. Da saura ɗaya, ba ta cika 20 ba. Jerin lambobi masu bin juna da ke buɗe ta kai biyu yana jiran kati 8, kashi 31 da ɗoriya in da saura kati biyu a buɗe. Wanda ke da giɓi a tsakiya kati 4 kawai yake jira, kashi 17 ma bai kai ba. Kada ka jibga ƙwayoyi a kansa kana cewa jikinka ya ba ka.

Ka auna zubinka da tulin da ke tsakiya. A nan mafi yawan 'yan wasa suke rashin hankali, kuma abin yana ba ni haushi, domin lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. In ka zuba rabin tulin, kana buƙatar abokin karawarka ya ajiye sau ɗaya cikin uku don ka fita ba riba ba asara, ko da hannunka ba komai. In ka zuba daidai da tulin, sai ya ajiye sau ɗaya cikin biyu. Katunan da kake jira suna rage maka wannan nauyi. Kada ka zuba ɗan mitsitsi: kwatan tuli yana ba shi damar bin ka in yana cin wasan sau ɗaya cikin shida kacal, to wa zai gudu?

Kada ka zuba da yawa in hannunka ya yi kyau, kaɗan in burga ce. Mai lura zai karanta ka kafin a sha ruwa.

Kada ka yi wa mai taurin kai burga. Wanda ba ya ajiyewa, jira shi da hannu mai ƙarfi. Kada ka yi ta a gaban mutum uku. In kai ne na ƙarshe a zagaye kuma ka san za a ninka maka zubi har ka ajiye, bar shi, ka ga kati na gaba kyauta.

Kada ka ruɗi kanka da Chris Moneymaker. A gasar duniya ta Las Vegas a 2003, ya ƙara wa Sam Farha zubi yana jiran jeri da kuma alama ɗaya. Wannan mai madogara ce. Kati na biyar bai zo masa ba, ya tura duk abin da ke gabansa, Farha ya ajiye hannun da ya fi nasa. Daga baya Moneymaker ya lashe dala miliyan 2.5. Amma turawar ƙarshen nan burga ce tsagwaronta, domin da an buɗe kati na biyar babu sauran abin jira. In ka kai nan hannunka bai cika ba, kuma ba ka ga alamar tsoro a wajen abokin karawarka ba, ajiye katinka.