Amsoshin Tambayoyinku: Kwaikwayon Mota Ma Suna Ne Ke Sayar da Shi

Tambaya: Na ga motoci biyu na sayarwa a Amurka, duka kwaikwayon Cobra ne, kamarsu ɗaya sak, amma kuɗin ɗaya ya kusa ninka na ɗayar. Tunda duk ba na asali ba ne, me ya raba su? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, irin wannan mota sunaye biyu take ɗauke da su. Akwai na motar da aka kwaikwaya, akwai kuma na kamfanin da ya ƙera kayan haɗin, kuma na biyun ne dillali yake dubawa. Cobra ta asali, wadda Carroll Shelby ya fara fitarwa a 1962, ta fi ƙarfin aljihun kusan kowa, domin ta farkon an sayar da ita dala miliyan 13.75 a 2016. Shi ya sa kamfanoni suke sayar da firam da gangar jiki a akwatuna, mutum ya nemo inji da giya ya haɗa a garejinsa.

To, mai saye na biyu bai ga lokacin da ake ɗaure notunan ba. Bai san ko waldar ta kama ba, ko wayoyin da ke bayan sitiyari a tufke suke ko an naɗe su da salatif kawai. Abin da zai riƙe shi ne suna. Motar kamfanin Superformance a masana'anta ake haɗa ta a Afirka ta Kudu, da lasisin Shelby, inji da giya kaɗai ake saka mata daga baya, don haka hannun ɗan koyo bai taɓa yawancinta ba. Kamfanin Factory Five na jihar Massachusetts tun 1995 yake aiki, kuma idan wani abu ya karye akwai inda za a kira. Wanda kamfaninsa ya rufe kuwa, gilashin gaba kaɗai zai iya ajiye motarsa shekara guda. Irin wannan amincewa da suna ce ta sa Toyota ba ta kwantai a kasuwanninmu.

A Ingila kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera Lotus Seven a 1973, saboda haka masu saye suna ɗaukar motarsa magajiyar ta asali, kuma farashinta ya fi na masu kama da ita tsayawa. Amma Toyota MR2 da aka lulluɓa wa jikin Ferrari, a ganina asarar kuɗi ce: ɗan Ferrari ba ya so, ɗan Toyota ma an ɓata masa mota.

Idan har za ka saya, nemi rasit na kayan, da hotunan haɗin tun daga firam, da takardun rajista. A Ingila ka duba lamba: wadda ta fara da Q tana nufin hukuma ba ta tabbatar da shekaru ko asalin motar ba, kuma masu saye kan rage mata kuɗi.