DARASIN YAU: ZAREN DA YA DACE DA FATSAR KAFE A TAFKIN ƘASA DA KUDUDDUFI

 Darasin yau ya fi shafar mutanenmu na Yasore da sauran garuruwan Batsari da Safana, inda mai son kiwon kifi yakan fara da tafkin ƙasa ko kududdufin da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini. Za mu yi magana kan zaren da ake ɗaura wa fatsar kafe, wato fatsar da ake kafawa a bakin ruwa da yamma a tafi gida, a dawo da safe a duba.

ME YA HAƊA MAI KIWO DA FATSA?

Kududdufi ba ya yashewa tas kamar tankin siminti. Ko ka sa injin ka janye ruwa, ko ka ja raga sau uku, sai ka samu tarwaɗa ta nutse cikin laka ta tsira. Wannan da ta rage ita ce matsalar, domin tarwaɗa tana cin 'yan uwanta. Mu ƙaddara guda ɗaya mai kilo 2 ta rage, kai kuma ka zuba 'ya'yan kifi 1,000. In tana haɗiye biyar kullum, a wata ɗaya 150 sun tafi. In su huɗu ne suka rage, yi lissafin da kanka. Ranar kwasa sai ka ce mai ƙyanƙyasa ya cuce ka, alhali ɓarawon yana cikin ruwan tun kafin ka zuba.

Dan Allah kada wani ya ce maka ka zuba maganin ƙwari ka huta. Ruwan nan dabbobi na sha, yara na wanka, kuma dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta hana kama kifi da guba ko nakiya ko lantarki. Hanya mai sauƙi ita ce a kafa fatsa kwanaki a jere kafin zuba sabbin 'ya'ya, har a ga ta daina kamu.

Wani amfanin kuma, kowa ya san halin da yankinmu yake ciki, ba a kwana a bakin ruwa. Ka kafa kafin magariba, ka dawo bayan gari ya waye. To kun ga, awa goma ko fiye zaren nan shi kaɗai zai yi kokawa da kifi. Shi ya sa zaɓensa yake da muhimmanci.

ABIN DA MASU ƘANƘARA SUKA GANO

A Kanada da jihar Minesota ta Amurka, tafkuna kan daskare lokacin sanyi har mutum ya taka a kai. Masu kamun kifi sukan huda rami a ƙanƙarar, su ɗora wani ɗan katako mai ƙaramar tuta, su zura zare ciki su koma gefe. Kifi na jan zaren sai tutar ta miƙe. Wannan fatsar kafe ce irin tasu. Abin lura shi ne zare iri biyu suke haɗawa: mai kauri saƙaƙƙe a sama, saboda da hannu ake janyowa, sai siriri ɗan gajere a wajen ƙugiya. Masuntanmu na dam ɗin Zobe da na Jibiya haka suke yi wa mari-mari, akwai uwar igiya, akwai 'yan zarurrukan da ke ɗauke da ƙugiyoyi. Ruwanmu ba ya daskarewa ko a tsakiyar hunturu, amma ƙa'idar ɗaya ce.

IRIN ZAREN DA ZA KA TARAR A KASUWA

1. Zaren roba, sili ɗaya, mai sheƙi kamar ruwa. Nailan ne. Ana rubuta kaurinsa da milimita a jikin kwarkwaro, kamar 0.30 ko 0.50. Yana miƙewa in kifi ya fizga, wannan yana rage tsinkewa. Laka ba ta kama shi sosai. Aibinsa, rana tana cinye shi, yana nannaɗewa, kuma da zarar ya samu ɗan yanka to nan zai tsinke.

2. Zaren nailan murɗaɗɗe, irin na saƙa da gyaran raga. Za ka ga an rubuta 210D/9 ko 210D/18 ko 210D/36. Lambar ƙarshe ita ce yawan silin da aka murɗa, ita za ka duba. Yana da laushi, yana riƙe ƙulli, yana nutsewa a ruwa, ba ya yanka hannu kamar na roba. Shi ya fi dacewa da uwar igiya.

3. Zaren zamani saƙaƙƙe, siriri mai tsananin ƙarfi, wanda ake sa wa sandar fatsa mai inji. Yana da tsada, ba ya miƙewa, kuma in babbar tarwaɗa ta fizga kana riƙe da shi a hannu zai iya tsaga maka yatsa. Mai fatsar kafe ba ya buƙatarsa.

4. Zaren buhu da igiyar leda irin ta shanya. Waɗannan suna tasowa saman ruwa, ƙulli yana zamewa a jikinsu, rana kuma tana sa su ruɓe su yi gari. Zaren auduga shi ma yana ruɓewa a ruwa. A bar su wajen ɗinkin buhu.

LAMBAR DA KE JIKIN KWALI BA ITA CE ƘARFINSA A RUWA BA

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Ƙarfin da kamfani ya rubuta na busasshen zare ne wanda ba a ƙulla ba. Nailan yana shan ruwa ya rage ƙarfi, ƙulli kuma ya ƙara rage shi. Ga kimanin abin da zaren roba mai kyau yake ɗauka:

0.30: busasshe kusan kilo 4 da rabi, jiƙaƙƙe da ƙulli ƙasa da kilo 3
0.40: busasshe kusan kilo 7 da rabi, jiƙaƙƙe da ƙulli kusan kilo 4
0.50: busasshe kusan kilo 12, jiƙaƙƙe da ƙulli kusan kilo 6
0.60: busasshe kusan kilo 17, jiƙaƙƙe da ƙulli kusan kilo 9
0.80: busasshe kusan kilo 29, jiƙaƙƙe da ƙulli kusan kilo 15

Kun ga kusan rabi ya tafi kenan. Shi kuwa murɗaɗɗe, lissafinsa mai sauƙi ne: in mai kyau ne, ka ɗauki kowane sili a matsayin kusan kilo 1 bayan ya jiƙa an ƙulla. Lamba 9 kusan kilo 9, lamba 18 kusan kilo 16.

ƘA'IDOJI BIYU

Ta farko: ƙarfin zaren ƙugiya, jiƙaƙƙe da ƙulli, ya ninka nauyin kifin da kake nema aƙalla sau biyu. Kifi a ruwa ba ya da nauyi sosai, fizgarsa ce ke tsinka zare, kuma babu kowa a wurin da zai sassauta masa.

Ta biyu: uwar igiya ta ninka zaren ƙugiya ƙarfi. Dalili kuwa, in ƙugiya ta maƙale a saiwa ko dutse ka ja, wajen da ya fi rauni ne zai tsinke. Gara ka rasa ƙugiya ɗaya da ɗan guntun zare da ka bar doguwar igiya mai ƙugiyoyi a cikin ruwan da za ka shiga da ƙafarka gobe.

To ga yadda za ka haɗa:

Tarwaɗa mai kilo 1 zuwa 3: zaren ƙugiya na roba 0.50 ko murɗaɗɗe lamba 9, uwar igiya lamba 18 zuwa 24.

Tsohuwar tarwaɗa ko ramboshi da ya haura kilo 5: zaren ƙugiya 0.80 ko murɗaɗɗe lamba 15, uwar igiya lamba 36.

Karfasa: 0.25 zuwa 0.30 da ƙaramar ƙugiya. Ita da rana take ci, da ido take gani, bakinta ƙarami ne, don haka fatsar hannu ta fi kama ta.

Kada launin zare ya dame ka in tarwaɗa kake nema. Da dare take kiwo, da gashin bakinta da sansana take gano abinci, ruwan kududdufi kuma ja ne da laka. Abin da zai dame ka shi ne bakinta. Haƙoranta ƙanana ne kamar sanfefa, in ta kwana tana goga siririn zare sai ta cinye shi. Ƙayar gefenta ma tana da zarto. Shi ya sa ba a sa mata 0.30 ko da ƙarama ce.

TSAWON ZARE

Zaren ƙugiya ya zama santimita 30 zuwa 50. In ƙugiyoyi da yawa za ka jera a igiya ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ta wuce ninki biyu na wannan tsawon. Misali, zare mai santimita 40 a ba shi tazarar mita 1, don kada biyu su haɗu su cukurkuɗe.

Sannan ka bar wa kifin isasshen zare da zai iya tasowa sama. Tarwaɗa tana shaƙar iska a saman ruwa, musamman a kududdufi mai ƙarancin iska da asuba. In ka danne ta a ƙasa da dutse mai nauyi za ta iya mutuwa cikin dare, ka zo da safe ka tarar ta fara lalacewa. Ɗan noti ɗaya na ƙarfe ya isa ya nutsar da tana ko hanjin kaza. Ka guji dalma a ruwan da kake kiwo.

Amma kada zaren ya yi tsawon da zai kai ta ga saiwa ko ciyawa. Duba wurin da rana kafin ka kafa.

ƘULLI DA TURKE

In ƙugiyar mai ido ce: ninka zaren biyu, zura ninkin ta idon, yi ƙulli sako-sako, sannan ka zura ƙugiyar gaba ɗaya ta cikin madaukin, ka ja. In mai faffaɗan kai ce marar ido, naɗa zaren sau 7 ko 8 a jikinta kafin ka ja. Kowanne ka yi, jiƙa shi da yawu kafin ka matse, domin zafin gogayya yana raunana nailan. Bakin murɗaɗɗen zare kuma a ɗan ƙona shi da ashana don kada ya warware.

Tarwaɗa tana mirginawa in ta ji ƙugiya. In ka samu ɗan ƙarfen nan mai juyawa da ake sa wa tsakanin uwar igiya da zaren ƙugiya, sa shi, yana hana zare murɗewa.

Turken ya zama ɗanyen reshe mai lanƙwasa, a kafa shi sosai a karkace. Lanƙwasar tana shanye fizga. In ka ɗaure a busasshen turke gajere, duk ƙarfin yana sauka kan ƙulli. Ɗaura ɗan ƙyalle mai haske a kan reshen, tun daga nesa za ka ga wanda ke rawa. Tutarmu kenan.

GWAJI KAFIN KA KAFA

Kasuwa cike take da zaren da lambarsa ba ta yi daidai da ƙarfinsa ba, da kuma wanda ya daɗe a rana a kan tebur. Ko a Dutsin-Ma ka saya ko Jibiya ko Katsina, nemi shagon da masunta ke saye, ka karɓi wanda ke cikin leda a inuwa. Na roba in ya dushe, ko ka ja shi tsakanin yatsu ka ji kaushi, bar shi. Araha ba ta ado.

In ka zo gida, yanki mita 1, ɗaura ƙugiya da irin ƙullin da za ka yi amfani da shi, jiƙa a ruwa ya kwana. Da safe rataya jarka a ƙugiyar, ɗaure ɗaya bakin a sanda, ka riƙa zuba ruwa kana ɗagawa a hankali. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. In 0.50 ya ɗaga lita 6 bai tsinke ba, ya yi. In ya tsinke a lita 3, ka san abin da aka sayar maka. Kawar da fuskarka gefe lokacin gwajin, kuma yara su matsa.

KULA DA KAYA DA HAƘƘIN JAMA'A

Kullum da safe bi zaren ƙugiya da yatsa. In ka ji ya yi kaushi kusa da ƙugiya, yanke ka sake ɗauri. Bayan kowane babban kifi ma haka. In ka gama, wanke laka, shanya a inuwa, naɗe a kan katako ko guntun silifa, a ajiye nesa da rana da ɓera. Lokacin janyowa naɗa igiyar a sanda, kada ka naɗa a hannu.

Ƙirga fatsar da ka kafa, ka ƙirga wadda ka cire. In 10 ka kafa, 10 za ka kwashe. Guntun zare mai ƙugiya da aka yar a bakin ruwa yana kama agwagwa, yana shiga ƙafar akuya ko ta yaron da ya zo ɗiban ruwa. In kududdufin na gari ne, sanar da mai unguwa kafin ka kafa. In dam za ka je, fara ganin Sarkin Ruwa.

Kifin da fatsa ta kama na miya ne ko na sayarwa. Kada ka mayar da shi cikin waɗanda kake kiwo, kuma in awon girman kifinka kake son yi, da raga ake yi. A lura kuma, cikin sanyin Disamba da Janairu tarwaɗa tana rage ci, don haka kwana biyu babu kamu ba ya nufin ruwan ya zama fanko. Ƙara kwanaki, sauya abin da kake sa wa ƙugiya, sake jan raga, sannan ka zuba 'ya'yanka.

Wanda ya yi gwajin jarka ya faɗa mana lambar zarensa da litar da ya ɗauka, sauran 'yan uwa su amfana. Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya ba yankinmu zaman lafiya.