Fostar fim ɗin ɗalibai a kan Kusugu: a rage fuskoki

Idan ɗalibai suka kammala gajeren fim a kan rijiyar Kusugu, aka zo maganar fosta, yawanci salon Kannywood suke ɗauka: a jera fuskokin 'yan wasa biyar ko shida, a liƙa sunan fim a ƙasa. Salon yana da dalilinsa a Kano. Tun zamanin kaset, lokacin da fim ɗin Sangaya ya cika gari, fuskar Ali Nuhu a jikin kwali ita ke sa mai saye ya zura hannu aljihu. Ɗalibi kuwa ba shi da jarumin da aka sani, fuskar abokin karatunsa ba ta gaya wa mai wucewa komai. Jarinsa shi ne labarin da kowane yaro a Daura ya tashi da shi: macijin da ake kira Sarki, wanda ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da baƙo Bayajidda da ya sare shi, da Sarauniya Daurama. Don haka shawarata ita ce fostar ta tsaya a kan hoto guda, kuma daga labarin za a ciro shi.

Wane hoto? Guga a bakin rijiya cikin dare, igiya ta miƙe kamar wani abu na riƙe da ita daga ƙasa, ya wadatar. Wani zai ce ai macijin ne zai ja ido. Gaskiya ne, amma macijin da aka zana da kwamfuta alkawari ne, idan kuma wanda ke cikin fim ɗin bai kai shi ba, 'yan kallo dariya za su yi. Bahaushe ya riga ya san abin da ke cikin rijiyar, ba sai an nuna masa ba. Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: 'yan wasan kyauta suka yi aikin, fuskarsu a bango ita ce ladarsu. A biya su ta wata hanyar. Sunayensu su zo a ƙasan fostar, sannan a yi wa kowa ƙaramin hotonsa daban, wanda zai ɗora a WhatsApp, inda danginsa da abokansa suke.

A ɗauki hoton musamman tun ana kan aikin fim, domin wanda aka yanko daga bidiyo dishi-dishi yake fitowa idan an buga shi a takardar A2. Rijiyar a yau tana cikin gini, saboda haka a nemi izini kafin a kafa kyamara, a kuma matsa kusa don kada ginin zamani ya shigo labarin zamanin da.

Sai rubutu. Sunan fim, rana, lokaci da wurin nunawa, su ke nan da manyan baƙaƙe. Yawancin zubin rubutu masu ado ba su da ƙ, ɗ da ɓ, a duba tun kafin a kai maɗaba'a. A ƙanƙance fostar a waya, a miƙa wa wanda bai san fim ɗin ba. Idan bai iya karanta sunan ba, a ƙara girmansa. A kuma sa mai bugawa ya fitar da kwafi ɗaya na gwaji, domin hoton dare ya fi duhu a takarda fiye da a fuskar waya.